Katangar Tashar Ƙaura

Ummusalma mai fura ba ta san sunansa ba, amma idonta ya kasa barinsa. Ƙato ne, wuya kamar turmi, yatsu duk sun karkace, yana jan ƙafar hagu cikin tashar Ƙaura Namoda kamar aro ta ya yi.

Wani direba yana shan fura yana ba ta labari, wai a Amurka mutumin ya yi ƙwallo, irin wadda ake runguma a ruga da ita. "Amma shi ko taɓa ta bai yi, Inna. Aikinai tare ƙatta, wani shi wuce."

Tana jinjina wannan rayuwa: ka ba da gwiwoyinka, a tafa wa wani.

Yanzu ƙaton mota-mota yake bi yana roƙo a kai shi Moriki. 'Yan bindiga sun shiga ƙauyensu, wayar mahaifiyarsa kuma a kashe. Kowa sai ya girgiza kai, yau ba mai bin wannan hanya.

Ga wata mota ta nufi ƙofar fita, za ta Gusau. Sai ya sha gabanta, ya ware ƙafafu, ya duƙa, ya dafa ƙasa da hannu ɗaya, kai a sama, kamar a filin ƙwallo.

"Bawan Allah, kauce!"

"Ka juya, don Allah. Uwata ta."

Direban motar ya murɗa sitiyari, ya kewaye shi.

Yana nan duƙe, ya tare hanya da dukan ƙarfinsa, babu kowa a bayansa.