Matar da ke auna gefen jan haske

An kira mai gyaran wuta ya sauya ƙwan fitila a ɗakin bincike. Yana kan tsani, amma idonsa na kan matar da ke zaune gaban kwamfuta. Siririya ce, za ta kai shekara hamsin, tabaraunta ɗaure da zare. Rana tsaka ta sassaki labule, shayinta ya daɗe da hucewa.

Bayan bango akwai injin da ke dafa iska har ta fi cikin rana zafi. Ba mai sa hannu a ciki, sai dai a janyo haskenta zuwa na'urar awo da ke gefen matar. A allonta jan layi ya yi tozo kamar na bijimi, ita kuwa gefen tozon take bi da farce, inda layin ya kusa ɓacewa.

"Malama, kin bar babba kina bin ƙarami?"

"Baba, nan masu gudun suke. Ƙwayoyin iskar da suka fi sauri, haskensu kan kauce gefe. Su ke hura wutar injin. In suka tsere, ta mutu."

A ransa yana cewa, wannan matar ko a gidanta ma, yaron da ya yi shiru shi za ta fara gani.

Yana miƙa hannu zai kunna fitilar, sai ga yatsanta a sama.

"Haskenka zai ɓata min awo. Daƙiƙa biyar injin zai ba ni, wata uku ina jira."

Shekara talatin yana kai wa mutane haske. Yau ga shi kan tsani cikin duhu, ya riƙe numfashi, yana taya ta ƙirgawa.