Golan Ƙasar Ƙanƙara da Yaran Riruwai

Wata ranar Laraba da hantsi, a farkon kakar shekarar 1956, ina zaune a zauren gidanmu a Riruwai ina murza wa Baba zare a cinyata, sai muka ga ƙofar zauren ta yi duhu. Muka ɗaga kai, ga Bature nan tsaye, dogo, hannuwansa duk baƙin mai, ya rungumo wani abu kamar ƙwaryar da ta lotse. Ya yi sallama da wata Hausa mai tsalle-tsalle, ya tuɓe takalmansa ba tare da kowa ya ce ya tuɓe ba, ya durƙusa ya ajiye abin a gaban Baba. Ƙwallon fata ce, ɗinkinta ya farke ta gefe guda, jar robar ciki ta leƙo. Baba baduku ne, ya ɗinka jakunkuna da layu da kuben wuƙa da takalma ba iyaka, amma bai taɓa riƙe irin wannan ba. Ya jujjuya ta, ya shinshina fatar, ya ce ta saniya ce kuma ta ji jima, sannan ya tambayi baƙon me ake zubawa a ciki. Baturen ya ce iska. Baba ya dube ni, ni ma na dube shi, sai kawai ya miƙa hannu ya ɗauko basilla.

Mutumin nan makanikin kamfanin haƙar kuza ne, shi ke kula da injinan da ke jawo ruwa zuwa inda leburori ke wanke kuza, don haka kowa Mai Inji yake ce masa. Tun kafin ranar muna mamakinsa. Sauran Turawa a kan tudu suke zaune, shi kuwa ɗakinsa na jikin rumfar inji, kuma an sha ganinsa yana cin tuwon dawa da hannu tare da direbobi. Wani kuku ya taɓa gaya wa Baba cewa Turancin Mai Inji ma a karye yake kamar Hausarsa. Mu da muka ɗauka duk Turawa 'yan gari ɗaya ne, wannan magana ta ɗaure mana kai. Sai daga baya Mai Inji ya faɗa mana cewa shi ba mutumin Ingila ba ne, ƙasarsu Sulobakiya ce, wadda a lokacin aka haɗe ta da wata maƙwabciyarta ƙarƙashin gwamnati ɗaya.

Da Baba ya gama ɗinkin, ni aka aika in mayar. Mai Inji ya hura ta da ɗan famfo har ta yi tauri, ya ja da baya, ya ɗirko ta kaina ba zato. Ni kuwa tsoro nake kada ta daki ƙarfe ɗinkin Baba ya sake farkewa, sai na yi wuf na cafke ta a ƙirji. Ya yi dariya, ya kama hannuwana ya dudduba, ya ce, "Kai gola ne." Sannan ya nuna mini nasa yatsun, biyu daga ciki a karkace. Ya ce a tsaron gida suka karye, lokacin yana saurayi a ƙungiyar ƙwallon garinsu.

A wancan zamani yaro ba shi da lokacin kansa. Da asuba muna makarantar allo, da hantsi a kora mu gona, domin idan dawa ta fara nuna birai kan sauko daga duwatsu garke guda, sai mu wuni muna buga gwangwani muna jifa da majajjawa. Ga yankan ciyawar awaki, ga ɗiban ruwa a rafi, ni kuma ga tsintar bagaruwa don jimar Baba. Wasanmu langa ce da kokawa a dandali. Amma daga wannan kaka, da an idar da sallar la'asar sai mu sulale zuwa wata saurar kawuna, Kawu Bawa, da ke bakin rafi. Mai Inji ya kafa mana gora biyu nan, biyu can, ya fara koya mana ƙwallo. Yawancin yaran 'ya'yan leburori ne na bariki, iyayensu sun zo daga Zazzau da Bauchi da ƙasar Jos. A cikin 'ya'yan tsohon gari ni kaɗai ne, kuma Baba bai hana ni ba ne kawai saboda yana son jin ko ɗinkinsa ya riƙe.

Ni dai abin da ya fi ja na, fiye ma da wasan, shi ne labarin da ke biyo bayansa. Mai Inji kan zauna a kan wata tsohuwar gangar mai, mu kewaye shi muna cire ƙaya daga ƙafa, ya riƙa ba mu tarihin ƙungiyar garinsu gutsure-gutsure. Ya ce garin na tsakanin duwatsu kamar namu, da kogi a gefe da babban injin yankan katako. Mahaifinsa na cikin samarin da suka kafa ƙungiyar, tun kafin yaƙin duniya na farko. Ba su da fili, sai a kasuwar shanu suke wasa bayan ta tashi, kuma sai sun kwashe kashin shanu tukuna. Wannan ya yi mana daɗi, don mu ma da share kashin awaki muke farawa. A lokacin wani sarki mai wani harshe daban ke mulkinsu, sunan ƙungiyar ma da harshen sarkin aka raɗa shi. Da yaƙi ya ƙare aka ce musu yanzu suna wata sabuwar ƙasa, suka sake suna da harshensu, suka gina rumfar katako ta 'yan kallo, har suka riƙa cin manyan garuruwa. Da yaƙi na biyu ya zo aka kwashi 'yan wasa, waɗansu ba su dawo ba, rumfar kuwa mutanen gari suka ɓalle ta suka hura wuta saboda sanyi. Bayan haka wata gwamnati ta hau, ta liƙa wa ƙungiyar sunan injin katako, ta canja launin riguna. A wannan tsakanin ne shi Mai Inji ya tsallake iyaka da ƙafa, kuma ya ce idan ya koma ɗaure shi za a yi.

Tambayoyina ba sa ƙarewa. Na tambaye shi yadda mutum zai kwanta a wata ƙasa ya tashi a wata alhali bai motsa daga ɗakinsa ba. Na tambaye shi ko ƙwallo na tsalle a kan ƙanƙara, da ko shanunsu na da tozo, da abin da gola ke yi idan yatsunsa sun sandare. Wani lokaci ya amsa, wani lokaci Hausar ta ƙare masa sai ya zana a ƙasa da sifana. Duk abin da na ji sai na kai wa kakata, Iya, tana kaɗi a tsakar gida. Da na gaya mata a ƙasarsu kogi kan daskare har a yi tafiya a kansa, sai ta ce, "Baturen nan yana da ladabi, amma ƙarya yake muku." Duk da haka washegari ita ce ta fara tambayata me ya ce kuma.

Haka muka ci kusan shekara biyu, har muka iya ba juna ƙwallo maimakon kowa ya bi ta a guje. Sai a 1958 kasuwar kuza ta faɗi. Mu yara ba mu san dalili ba, mun dai ga injina suna yin shiru ɗaya bayan ɗaya, kuma duk ranar kasuwa sai mota ta tashi da iyalai, tabarmi da tukwane a ɗaure a sama. Abokan wasana suka yi ta raguwa har muka koma ba mu isa mu raba gida biyu ba. Ana cikin haka Kawu Bawa ya ce saurarsa ta huta, bana zai shuka ta, kuma gaskiyarsa ne. Sannan labari ya zo cewa an mayar da Mai Inji wani wurin haƙa can wajen Jos.

Na same shi a rumfar inji yana jera sifanu a akwati. Na tsaya a bakin ƙofa, na ce masa shi ke nan ƙungiyarmu ta mutu. Bai lallashe ni ba. Ya ci gaba da aikinsa, yana ba ni wani yanki na labarin da bai taɓa ba mu ba. Ya ce bayan yaƙi na biyu ba wani ɗan wasa ne ya tayar da ƙungiyarsu ba. Wata mata ce mai wanke musu riguna, wadda mijinta bai dawo daga yaƙi ba. Ita ta bi gida-gida tana roƙon iyaye su ba ta 'ya'yansu, har aka sami waɗanda za su cika fili. Ya rufe akwatin, ya dube ni ya ce, "Garinku cike yake da yara. Ni ban san ƙofofin gidajensu ba, kai ka sani."

Abin da sauƙin faɗa. A tsohon gari ƙwallo wasan bariki ce, kuma manoma ba sa son abin da zai ɗauke musu yara ana tsakiyar noma. Gida na farko da na shiga, maigidan ya saurare ni har na gama, ya tambaye ni ko Babana ya san ina yawon nan. A na biyu kare ne ya raka ni. Na dawo na zauna a zaure ina murza zare, na kasa ɗaga kai. Da Baba ya matsa mini sai na kwashe duka na gaya masa, har da labarin matar mai wanki. Ya ci gaba da huda fatarsa. Ran Juma'a bayan an sauko daga masallaci na hango shi a gindin tsamiya tare da malaminmu na allo da waɗansu magidanta, suna magana ƙasa-ƙasa. Da ya dawo ya ce an yarda, amma da sharaɗi: ba wanda zai taɓa ƙwallo sai ya gama aikin gonarsu ya yi la'asar, kuma da ladan ya ɗaga murya na magariba kowa ya kama hanyar gida, ko da ƙwallon tana sama.

Fili kuwa sai wani faƙo muka samu bayan kasuwa, wanda ba mai so saboda tsakuwa. Muka tsinto kwanonin kuza da leburori suka watsar, muka yi ta kwasar duwatsu a ka, 'ya'yan manoma da ragowar 'ya'yan bariki, waɗanda da ko gaisawa ba sa yi. Mai Inji ya zo ranar farko ya taya mu, ya auna fili da taku, ya bar mana ƙwallon da famfon. Kafin mu gama sharar ya tafi. Ban ma ga tashinsa ba, ina gona.

Da rani ya yi, wani malamin elementare na Tudun Wada ya aiko yana gayyatarmu wasa da ɗalibansa. Muka hau bayan motar itace, muka ratsa dajin Falgore, yawancinmu ba mu taɓa yin nisa haka da gida ba. Yaran makaranta sun fito da riguna iri ɗaya, mu kowa da abin da ya samu. Sababbin 'yan wasanmu suka manta duk abin da aka koya musu, suka dunƙule wuri ɗaya suna bin ƙwallo kamar kaji sun ga tsaba, aka bar ni ni kaɗai a gida. An zura mini ƙwallo har na daina ƙirgawa, gwiwoyina duk suka goge. A hanyar dawowa na takure a lungun mota, na tabbata gobe ba wanda zai zo fili. Can sai na ji Tanko, ɗan maigidan nan da ya fara korata, yana musu da wani a kan wanda ya kamata ya tsaya baya in an sake haɗuwa. Musun ya kama motar duka, kowa na faɗin nasa, har muka shigo gari ba a gama ba. Washegari da la'asar na tarar da su a fili sun riga ni.

Ƙungiyar ta rayu har na girma na tafi Kano neman sana'a, ƙannenmu suka karɓa, bayansu 'ya'yanmu. Yanzu idan na je gida sai in ga samari sun cika gidan kallo, sun san 'yan wasan Turai da sunayensu da ƙasashensu, abin da mu sai an zana mana a ƙasa. Kwanaki na sa wani jikana ya bincika mini a wayarsa ko zai gano ƙungiyar garin Mai Inji. Ya ce in faɗi sunan garin, na buɗe baki na ji babu shi, ya ɓace mini tun tuni. Ya karanto mini tarihin tsofaffin ƙungiyoyin ƙasar da dama, kusan kowacce an sake mata suna, kowacce ta faɗi ta tashi, na kasa cewa ga tasa. Mai Inji kuwa tun da ya tafi ba mu sake jin ɗuriyarsa ba, ban sani ba ko ya koma garinsu kafin ya mutu. Na yi masa tambayoyi a kan ƙanƙara da shanu da sarakuna, amma ban taɓa tambayarsa ko akwai mai jiransa a gida ba.