Jarumin da Ba Ya Cin Rama

Ba zan taɓa mantawa da shekarar da soyayyata ta kusa mayar da ni bazawara ba. Ranar da mijina ya fara zuwa zance gidanmu a Kabara, kafin in kalli fuskarsa idona ya sauka kan ƙunshin tsiren da ke hannunsa, mai ya jiƙa takardar. A duk littattafan da nake haya ina ɓoyewa ƙarƙashin filo, ban taɓa ganin jarumin da ya ci kwaɗon rama ba. Kaza ce, balangu ne, lemon kwali ne. A raina na ce wannan ne nawa.

Da na tare, na kori ganye daga gidana. Safe nama, rana nama, ya dawo da kilishi. In Hajiya, mahaifiyarsa, ta aiko da zogale, akuyar maƙwabta ce ke godiya.

Da ya haura shekara arba'in sai ya fara ganin jini a bayan gida. "Basir ne," in ji shi. Hajiya ta ce, "Zaƙi ne ya yi masa yawa, a hana shi rake." Nama kuwa babu wanda ya tuhume shi, ai a garin nan ba ya laifi. Muka sayi jarkar jiƙo wajen mai magani da lasifika a Goron Dutse, ya sha wata shida yana ramewa. Ni kuma, sarauniyar masoya, na ƙara masa nama don ya murmure.

Ƙanwarsa, ma'aikaciyar jinya, ta ce sai an leƙa hanjinsa da na'ura. Da ya ji ta inda ake sa ta, ya zabura.

"Ni da girmana?"

"Yaya, zaɓi ɗaya. Kunyar rabin awa, ko mu shimfiɗa tabarmar makoki."

Aka duba, aka ga ciwon daji ne, amma Allah Ya sa bai bazu ba. Aka yi aiki aka cire. Likita ya tambaye ni me yake ci, na lissafa ina taƙama.

"Ganye fa? Wake?"

"Haba likita, ai ba talaka na aura ba."

Ya daɗe yana kallona. Ya ce ba nama kaɗai ke kawo ciwon ba, amma yawansa na ƙara haɗari, kuma ba kowane jini ne basir ba. Takardar abincin da ya rubuta mana kuwa, duk abin da nake ba akuya ne.

Daga nan na gane kunya ba ta magani, kuma mai sonka shi ne mai jan ka asibiti da wuri. Yau jarumin nawa ya yi furfura, yana damun 'yan majalisarsu su je gwaji. Jiya ya shigo yana murmushi, hannu a baya kamar mai ɓoye fure. Damin rama ne.