Lagwanin Iya

A gidanmu na Rurum Tsohon Gari, Iya, kakata ta wajen uba, ita kaɗai na sani mai sayen lagwani ba don fitila ba. Ranar kasuwar Rano takan ba da saƙonsa, ta warware shi zare-zare, ta zura a babbar allura. Da shi take yi wa farin yadin alawayyo ƙananan ƙulli kamar ƙwayar dawa, fari a kan fari, har su tashi fure. Wajen uwarta ta koya, tun zamanin da zaren launi sai 'yan birni.

Zanen gadon aurena take ɗinkawa, alhali ko ɗankwali ban iya ɗaurawa ba. Matan gida suka yi ta mata dariya. Ita kuwa cutar yanar ido ce ta fara cin idonta, ta kuma rantse sai ta gama kafin ya rufe.

In an kwashe tuwo mukan kewaye murhu, mu tura gyaɗa cikin toka. Iya na gefe, alawayyon a cinya.

"Ga ta nan tafe," sai ta ce. "Wanda ya yi gyangyaɗi, ba da ni ba maimaici."

Tatsuniyar da na fi so ita ce ta tsohuwa mai ɗa guda, wanda zai tafi fatauci. Tsohuwar ba ta da guzurin ba shi, sai ta zare lagwanin fitilarta, ta zauna cikin duhu ta ƙulla masa hanyar gida a cikin rigarsa: ga rijiya, ga tsamiya, ga ƙofar ɗakinta. A hanyar dawowa ya faɗa dajin aljanu, masu hure duk wutar da aka kunna. Abokan tafiyarsa suka ɓace. Shi kuwa ya sa hannu cikin riga yana lalube, ƙulli bayan ƙulli, har ya ji ƙamshin daddawar uwarsa.

"Ƙurunƙus, zarena ya ƙare."

Ni da bakina ba ya shiru na ce, "Iya, ƙarya ce. Wa ke ɗinki cikin duhu?"

"Ke da ko da rana tsaka ba kya ganin tsintsiya, ina za ki sani?"

Wata rana da damina ruwa ya kashe mana murhu, muka dunguma ɗakinta. Innata ta ɗauko fitilar Iya za ta kunna, ta tarar babu lagwani. Ya shige alawayyo.

"Iya, bari in ɗauko miki tamu."

"Bar wa yara, Binta. Ni na gama da fitila tun bazara."

Inna ta daɗe tsaye da ashana a hannu. Ni dai haushina an katse tatsuniya. Cikin duhun nan ina jin ƙaramin sautin zare yana ratsa yadi, bai tsaya ba.

Iya ta rasu ba ta ga aurena ba, amma zanen ya biyo ni Kano. Rabinsa furanni ne tsaf, ɗaya rabin sun karkace, kusurwar ƙarshe kuwa na ɗauka hannunta ne ya rikice, don haka nakan tura ta ƙarƙashin katifa. Sai wani dare da aka ɗauke wuta, ina gyara shimfiɗa, yatsuna suka faɗa kanta. Ga zagaye. Ga wani abu mai rassa. Ga layin ƙulli ya miƙe, ya tsaya a bakin wata ƙofa.

Na zauna a ƙasa na yi kuka kamar ran da aka fita da ita. Ashe tun ina yarinya ta san zan yi nisa, ta san kuma ba za ta kasance a zaure ta tare ni ba.

Har yau in kewa ta ishe ni nakan kashe fitila in bi hanyar da yatsa. Ina wuce rijiya, ina wuce tsamiya, ina isa ƙofar. Sallama ce kawai ba mai amsawa.