Allon da bai taɓa yin ja ba

Motar wakena tana tsaye a Ɗan Issa tun hantsi, aplikasiyon, wato manhajar da muke fitar da takardar kaya da ita, ta ƙi buɗewa. Rezo kuwa, wato sabis ɗin waya, cike yake.

Na kira ma'aikacin kamfanin da ya yi aplikasiyon ɗin a Yamai, mai sa ido kan aikinta.

Ya ce, "Alhaji, a allona komai tsanwa ne, babu matsala."

Na ce, "Malam, yaushe rabonka da ganin ja?"

Ya ce, "Gaskiya tunda na fara aiki ban taɓa gani ba."

Sai da la'asar aplikasiyon ɗin ta buɗe, wanda zai sayi waken ya riga ya tafi.

Ni dai ina zargin fenti aka shafa wa allon nan. Ku ma haka suke ce muku?