Awon Rigar Bikin Yaye

Tun tana aji biyu na firamare ake kiranta Ta Ɗaya, sunan kuma ya bi ta har jami'a, ya zame mata ƙarfen ƙafa. Babanta tela ne, mai shago ɗaki guda da keken ɗinki biyu, ɗayan ma ya daɗe da mutuwa. Duk takardar sakamakon da ta kawo, a jikin bango yake manna ta, daidai gefen madubi, don kada mai gwada riga ya fita bai gani ba.

Ita kuwa sai ta dasa wani abu a ranta: wai mai neman taimako daƙiƙi ne, kuma ranar da ta faɗi, ranar za a daina sonta a gida. Abin haushin, babu wanda ya taɓa gaya mata haka. Ita ta ƙirƙiri abinta, ta riƙe hannu bibbiyu.

A shekarar ƙarshe abinci ya daina shigar mata. Ranar babbar jarrabawa ta zauna awa uku tana kallon takarda, ta miƙa ta fara fat. Sau uku malamar da ke kula da ajinsu tana aikowa a kira ta. Ta ƙi zuwa, don a ganinta kiran tozarci ne.

Bayan wata guda, abokiyar ɗakinta, wata sarkin surutu da ake kira Rediyo, ta tare ta a bakin famfo.

"Wai ke wace irin mutum ce? Malama fa takardar asibiti kawai take so ki kawo, a bar ki ki sake rubutawa. Ni ma na faɗi, na je ofishinta na sha kukana, ga shi na haye. Jiya aka rufe karɓa!"

"Ba komai," in ji Ta Ɗaya, bokitinta na ambaliya ba ta ma lura ba.

Da sunayen waɗanda za a yaye suka fito, babu nata. Ta tattara kayanta ta koma gida, ba ta ce wa kowa uffan ba.

Ta tarar baban ya sayi yadi mai tsada, ya kuma ciccire tsofaffin takardu daga tsakiyar bango, ya bar wa takardar digiri fili.

"Zo in auna ki, uwata. Rigar bikin nan da hannuna zan ɗinka ta."

Ya zagaya ƙugunta da tef, ya duba, ya sake dubawa.

"Inci uku kika rage! Karatu ya cinye min ke. To, ai an gama, sai hutu."

Tausayinsa ya kama ta, tsoro kuma ya fi tausayin ƙarfi. Ta buɗe baki, ta kalli filin nan na bango, ta rufe.

"Ɗaga hannu," ya ce.

Ta ɗaga.