Baba Ɗahiru Mai Sassaƙa Sandar Sinuka

Kullum idan aka sallame sallar asuba a masallacin layinsu da ke Kurmin Mashi, Baba Ɗahiru ba ya komawa gida. Yakan zarce rumfarsa ta kwano da ke bayan garejin makanikai, ya buɗe, ya share, sannan ya zauna ya jira gari ya yi haske sosai. Yana da wani faffaɗan gilashi shimfiɗe a kan benci. A kansa yake mirgina kowace sanda, ya sunkuya har kumatunsa ya kusa taɓa gilashin. In sandar ta ɗan yi tsalle ko yaya ne, to a karkace take, sai ya ware ta gefe. Shekara talatin da huɗu ke nan yana wannan aiki, sassaƙa sandar buga sinuka, wasan nan na ƙwallaye a kan tebur, da gyaran waɗanda suka lalace.

Wanda bai san wasan ba zai ɗauka sanda ce kawai. Shi kuwa yakan sayi itace ya jera a saman rumfa, ya bar shi ya shekara biyu yana bushewa kafin ya taɓa shi. Gindin sandar da kanya yake yi saboda nauyinta, ya haɗa da farin katako marar nauyi wajen tsinin, ya yi ta gogewa da samfefa har yatsa ya kasa gane mahaɗar. Sannan ya sa ɗan zoben tagulla a baki, ya liƙa guntuwar fatar da ke dukan ƙwallo.

A kulob ɗin ma'aikatan gwamnati ya koyi aikin, tun yana kafintan da ke gyara musu kujeru. Ni ma ta can na san shi. Mahaifina ya rasu ya bar mini sandarsa, danshin damina ya karkatar da ita a gidanmu na Badarawa. Na kai masa, na ce in ba za ta gyaru ba ya yi mini sabuwa.

Ya juya ta a hannu ya ce, "Alhaji Maliki, sabuwa aikin kwana huɗu ce. Amma hannun mahaifinka ba ya jikinta. Ba ni lokaci."

Mako uku ya yi yana turara ta da tururi yana ɗaure ta a jikin katako, har ta miƙe sak.

Da wasan ya fito daga kulob ya shiga unguwanni, aka kakkafa tebura a rumfuna, sai sunan sana'ar ya ɓaci. Inda duk aka kafa tebur, caca kan biyo baya, ƙwaya ma ta biyo. Maƙwabta suka riƙa kiransa mai sandar 'yan caca. A lokacin amsarsa ɗaya ce, "Ni itace nake sassaƙawa. Abin da suka yi da shi tsakaninsu ne da Allah." Shi da bakinsa ya gaya mini cewa babu maganar da yake nadamar faɗa kamar wannan.

Shekara goma sha ɗaya da suka wuce, wata Talata bayan la'asar, ya aiki ɗansa na fari, Salim, ya kai sanduna uku wata rumfa a Kinkinau. Salim na da shekara ashirin da huɗu, ya gama karatu, saura mako biyu ya kama aiki a wata ma'aikata. Ya isa ya tarar da samari biyu suna cacar baki a kan caca. Ɗayansu, wani mai suna Rilwanu, ya juya sandar da ke hannunsa ya riƙe ta wajen tsini, ya ɗaga. Salim ya shiga tsakani yana cewa, "Haba, ku yi haƙuri mana!" Gindin sandar ya same shi a gefen kai. Bai kai asibiti da rai ba.

Kwana biyu da yin jana'iza, wani jami'in tsaro ya zo wajen zaman makoki da sandar a cikin leda, ta karye gida biyu. Ya tambaya ko Baba Ɗahiru ya san inda aka yi ta. Baba ya karɓa, ya duba gindin, ya ga ɗigo ukun da yake yi wa duk sandar da ta fita daga hannunsa.

Ya ce, "Tawa ce. Ni na yi ta. Ni na zaɓi kanyar."

Ina zaune a wajen, ban ga ya yi kuka ba. Miƙa ledar kawai ya yi, ya tashi ya shiga gida. Kafin ya ƙule, na ji wani daga cikin masu ta'aziyya yana ce wa na kusa da shi ai dama sana'ar ba ta da albarka. Na tabbata shi ma ya ji.

Kwana arba'in rumfar na kulle. Matarsa, Inna Hansai, ta ce a tattara itacen duka a cinna masa wuta. Da ta ga ya ɗauki makulli a rana ta arba'in da ɗaya, sai ta tare ƙofar zaure.

"Malam, ina za ka? Wajen abin da ya kashe mini yaro?"

Ya ce, "In na rufe, tebur ko ɗaya ba zai rufe ba. Za su sayo na kasuwa su ci gaba. Amma muddin suna buƙatata, dole su saurare ni. Da can ban yi magana ba. Yanzu zan yi."

Ta kauce, amma ta fi wata guda ba ta ce masa komai ba bayan gaisuwa.

Sharaɗi ya kafa. Duk mai rumfar da ke son sandarsa ko gyaransa, sai ya hana caca da shan ƙwaya a teburinsa, ya kuma rufe lokacin salla. Bai tsaya ga alkawarin baki ba. Kullum bayan azahar sai ya rufe shago, ya kama hanya, yau Kinkinau, gobe Badarawa, jibi cikin Kurmin Mashi, ba ya gaya wa kowa inda za shi. Yakan samu benci ya zauna shiru yana kallo. Inda ya ga ana caca, sai ya tashi ya ce wa mai wajen kada ya sake kawo masa aiki.

Masu rumfuna ashirin da wani abu yake yi wa aiki a da. Cikin wata uku saura shida. A wata rumfa wasu samari suka ture shi ya faɗi a kan kwata, yatsunsa biyu na hagu suka karye, har yau ba sa lanƙwasuwa. Rabe, wani mai tebur biyu a Badarawa, ya ba ni labarin kansa ba tare da ɓoye komai ba.

"Wallahi zaginsa na yi. Na ce, tsoho, ɗanka ya mutu, kana so mu ma mu mutu da yunwa? Na sayo sandunan kasuwa, wata shida duk suka karkace, fatar bakinsu ta zube. Na koma da kunya na ce, Baba, na yarda. Da na kori 'yan caca na ɗauka wajen ya mutu. Sai ga malaman makaranta da ma'aikata suna zuwa da yamma, mutanen da a da ko kallon rumfar ba sa yi."

Ba zan yi wa mai karatu ƙarya ba, bai gyara garin ba. Yau rumfuna tara ne ke kan sharaɗinsa. Sauran suna nan yadda suke, kuma shekara huɗu da suka wuce an sake kashe wani matashi a ɗaya daga cikinsu. Baba Ɗahiru ya je jana'izar, ya zauna kusa da uban yaron har aka watse.

Baba, kai ne ka tsaya a gaban alƙali ka faɗi abin da ka sani kaɗai, ba ka ƙara ko kalma ɗaya don a tsananta wa wanda ya kashe maka ɗa ba. Kai ne ka ji labarin mutanen layi sun daina sayen ƙosan Larai, mahaifiyar Rilwanu, ka tashi da sassafe ka je ka tsuguna a gaban kaskonta kowa na gani, ka saya ka ci a wajen. Gwanin kanya, mai haƙurin da ba ya neman a gani.

Kotu ta yanke wa Rilwanu ɗaurin shekara goma sha huɗu. Sai a shekara ta uku Baba Ɗahiru ya iya zuwa ganinsa, ni na kai shi a mota. Da aka fito da Rilwanu ya ga wanda ke jiransa, sai ya durƙushe.

"Baba, wallahi ba shi na nufa ba."

"Na sani. Wanda ka nufa ma ɗan wani ne. Tashi ka zauna."

Minti goma muka yi a wajen. Da za mu tafi Baba Ɗahiru ya ce, "Na yafe maka nawa haƙƙin. Na mahaifiyar Salim kuma ba a hannuna yake ba."

Bara idanunsa suka fara dushewa. Likita ya ce hawan jinin ido ne, kuma abin da ya tafi ba zai dawo ba. Yanzu ba ya iya bambanta miƙaƙƙiyar sanda da karkatacciya, saboda haka a ƙarshen watan nan zai rufe rumfar. Babu magaji. Rilwanu ya koyi kafinta a gidan yari, ya aiko mahaifiyarsa da roƙon a ajiye masa kayan aikin har ya fito. Mutane da yawa sun so Baba ya yarda, har da ni. Ya yi kwana uku yana tunani, sannan ya ce wa Larai, "Ki gaya masa in ya fito ina raye, ya zo in faɗa masa duk abin da na sani. Amma zarton nan da kurfin nan marigayi Salim ya riƙe su da hannunsa. Ba zan iya ba. Kada ya ga laifina." Larai ta ce ba ta ga laifinsa ba, ta tashi tana share hawaye.

Makon jiya na tambaye shi wa zai riƙa zagaya rumfunan, tunda yanzu babu sandar da zai hana kowa.

Ya ce, "Ido ne ya tafi, Alhaji, ba ƙafa ba. Rabe ya ce zai riƙa ɗaukata a babur ranar Litinin da Alhamis. Ba sai na gani ba, muryar mai caca daban take. Sauran ranakun kuma ban sani ba."

Baba Ɗahiru, mun gode. Mun gode a madadin iyayen da 'ya'yansu suka dawo gida lafiya daga rumfunan nan tara, ba su ma san wanda ya tsare musu su ba. Allah ya jiƙan Salim, ya sanyaya zuciyar Inna Hansai, ya saka maka da abin da ya fi ganin ido.

Ku kuma dattawan unguwa, akwai tebur a ƙarshen layinku, kun san shi, kullum ta gabansa kuke wucewa zuwa masallaci kuna kawar da kai. Ku je ku zauna a bencin, ko na rabin awa ne. Ni na karɓi ranar Asabar a Badarawa. Saura kwana huɗu a mako ba su da kowa.